Kundin aikin baje kolin gubar fumfuna: daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa rumfar kasuwa

Asabar, 14 ga Satumba 2024

Shekara shida ke nan ina bin diddigin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, da gubar da take zubawa a cikinsu, wadda masana ke kira afalatoksin. Na sha tsayawa gaban taron masana in yi bayani da Turanci, a tafa, a watse. A cikin masu tafin babu mai soya ƙuli-ƙuli ko ɗaya. Makon jiya na je gida gaishe da Gwaggo, na same ta a tsakar gida da faifai tana tsintar gyaɗa. Mai kyau tana zubawa a ƙwarya, ta kasuwa ce. Wadda ta motse, da mai ɗigon baƙi, da wadda ƙwaro ya huda, tana tarawa a wani tsohon kwano. Na ce, "Gwaggo, ta kwanon nan fa?" Ta ce, "Wannan ai ta gida ce, 'yar nan. Da ita za a dama wa yara kunu."

Har na dawo bakin aiki maganar ba ta bar raina ba. Abin da nake aunawa da na'ura mai tsada, Gwaggo ta ware shi da yatsunta, sannan ta ba jikokinta, don ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke ciki. Ni ya kamata in gaya mata tun tuni.

Yau muka zauna mu bakwai: ni, da abokin aikina masanin sinadarai, da ɗalibanmu huɗu, mata biyu maza biyu, da malamin gona na yankinmu. Mun tsai da shawarar kafa rumfa a kasuwar garinmu, mu baje bincikenmu kamar yadda kowa ke baje hajarsa. Ranar da muka ɗauka ita ce 10 ga Nuwamba, ranar da UNESCO ta keɓe wa kimiyya duk shekara. Bana ta faɗo Lahadi, ranar da kasuwarmu ke ci, kuma lokacin sabuwar gyaɗa ta shigo.

Litinin, 23 ga Satumba

Awa biyu muka yi a kan suna kawai. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya dage a bar kalmar afalatoksin, wai don mutane su koyi sunan gaskiya. Malamin gona ya ce in muka faɗi haka a kasuwa za a ɗauka sunan maganin feshi ne, har a tambayi kuɗin kwalba. Mun tsaya a kan "gubar fumfuna". Kowace mace ta san fumfuna, ta gan ta a tuwon da ya kwana biyu, ta san warinta. Daga abin da aka sani za mu tashi.

Ɗaliban sun zo da zane mai kyau na siffar sinadarin, zobe-zobe a jone da juna. Na yaba musu, na ce a ajiye shi don aji. Na ba su labarin Michael Faraday, wanda ke cikin waɗanda suka assasa laccocin Kirsimeti na yara a Landan a 1825, laccocin da har yau ake yi. Ya taɓa yin laccoci shida cur a kan kyandir ɗaya: me ya sa harshen wutar ke miƙewa sama, ina kitsen ke tafiya in ya ƙone. Bai raina masu sauraronsa ba, abin da ke hannunsu ya ɗauka ya yi bayani da shi. Mu namu kyandir ɗin shi ne kwanon Gwaggo.

Akwai tarihi guda da na ce dole ya shiga, domin ya shafe mu. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila, aka rasa dalili. Da aka bi sawu sai aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Burazil, fumfuna ta kama ta. Daga nan aka san wannan guba, aka raɗa mata suna daga sunan fumfunar, Aspergillus flavus. A wancan zamanin dalar gyaɗa na tsaye a Kano, kuma Najeriya na cikin manyan masu fitar da gyaɗa a duniya. Tun daga lokacin masu saye na waje suke auna abin da za su ci. Wadda aka auna aka ƙi, da wadda ba a ma kai ga aunawa ba, a gida take zama.

Laraba, 2 ga Oktoba

Mun je gaisuwa wurin dagaci, shi kuma ya haɗa mu da sarkin kasuwa. Dagaci ya sa albarka ba tare da ja ba. Sarkin kasuwa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, na ji bayaninki. Amma in kika tsaya tsakiyar kasuwa kika ce gyaɗa guba ce, wa zai sayi ta mutanena ranar? Kada ku zo ku kashe mana kasuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba gyaɗa ce guba ba. Lalatacciyar cikinta ce, kuma ana iya raba su."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma da ba mu je ba da mun yi ɓarna da kyakkyawar niyya. Mun yi alkawari biyu a gabansa. Ba za mu gwada kayan wani ɗan kasuwa a bainar jama'a ba, duk samfurin da za a gani namu ne muka zo da shi. Kuma ba za mu ambaci sunan wani gari ko wata rumfa ba. Ya ba mu wuri kusa da layin masu awo, ƙarƙashin dalbejiya, ya ce mai shela zai zaga tun ranar Asabar.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Faranta goma sha biyu na fumfuna sun tsiro yadda muke so, kore mai ratsin ɗorawa, kamar gari a kan ƙwayar gyaɗa. Duk mun liƙe bakinsu da salatif, kuma ba za a buɗe ko ɗaya a kasuwa ba, don ƙurar fumfunar ba abin shaƙa ba ce. Madubin ƙara girma guda biyu muka samu aro.

Na cire abu ɗaya daga tsarin, ɗaliban ba su ji daɗi ba. Muna da fitila mai hasken shuɗi wadda in aka haska fasasshiyar masara da ita a duhu, wasu ƙwayoyin kan yi ƙyalli kore-kore. Abin burgewa ne, kuma na san shi zai fi tara jama'a. Matsalar ita ce ba gubar ce ke ƙyallin ba, wani sinadari ne dabam da fumfunar ke fitarwa. Ana samun masara mai ƙyalli gubarta kaɗan, ana samun marar ƙyalli mai guba. In mutum ya bar rumfarmu da tunanin cewa abin da bai yi ƙyalli ba lafiya ne, mun cuce shi. Gani ya kori ji, shi ya sa dole a kula da abin da ake nuna wa ido. A madadinta za mu yi amfani da tsinken gwaji na gaggawa, irin mai nuna layi kamar na gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda kowa ya saba gani a asibiti.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yini guda muka yi a gonaki ana cirar gyaɗa, muna ɗaukar hotuna, kuma a nan na fi ƙaruwa.

Fumfunar nan a ƙasa take zaune, ba daga rumbu take farawa ba. In ruwa ya ɗauke da wuri gyaɗa na cikin ƙosawa, ƙasa ta yi zafi, kwanson kan tsage, gara da tsutsa su huda, sai ta samu ƙofa. Ina cikin wannan bayani wani dattijo ya ajiye fartanyarsa ya ce, "Wato sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Na ce, "Baba, ka gama laccar." Wannan magana tasa za mu rubuta a saman rumfa. Haka nan in fartanya ta sari kwanso wajen cira, ko aka bar gyaɗa a ƙasa bayan ta nuna, ko aka tara ta tsibi da danshi ta yi gumi.

Na ga shanya a kan ƙasa tsura, na ga ta gefen kwalta. Na kuma ga wanda ya kifa gyaɗarsa, 'ya'yan suna sama harawar na ƙasa, iska na ratsawa. Ba malamin gona ne ya koya masa ba, wurin mahaifinsa ya gada, kuma daidai yake da abin da littattafanmu suka ce. Na roƙe shi ya zo rumfa ya nuna da kansa, ya amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yayyafa ruwa. Wasu kan jiƙa gyaɗa kafin a ɓare don kada ƙwayar ta farfashe, wasu kuma don ta ƙara nauyi. Gyaɗar da ta bushe aka sake jiƙa ta aka ɗura a buhu, an yi wa fumfuna shimfiɗa. Za mu faɗi wannan a fili, ba tare da nuna kowa da yatsa ba.

Don masara mun shirya gwajin gishiri. A samu busasshiyar kwalba, a zuba masara kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar ta kamar minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba, a mayar da ita rana. Masarar ajiya danshinta bai kamata ya wuce kashi 13 cikin 100 ba, ɓararriyar gyaɗa kuwa wajen kashi 7. Ba manomin da ke da na'urar auna wannan, amma kowane gida akwai gishiri.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Gwajin lacca a gidan Gwaggo, ita da maƙwabtanta biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na fara da cewa Amurka ba ta yarda gubar ta wuce kashi 20 cikin biliyan a abinci ba, Tarayyar Turai kuma kashi 4 ga gyaɗar da za a ci kai-tsaye. Shiru. Wata ta ce, "Malama, biliyan ai sai a kuɗin gwamnati." Na koma gida na yi lissafi. Kashi 20 cikin biliyan, a buhu mai kilo 100, miligiram 2 ne. Bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Don haka za mu ajiye cikakken buhu, kusa da shi ƙwayar gero guda a kan baƙin ƙyalle. In gubar da ke cikin buhun nan ta kai wannan, an wuce iyaka.

Tambayar farko da suka yi ita ce ko suya na kashe ta. Ba ta kashewa. Wuta na kashe fumfunar, amma gubar da ta riga ta zuba tana jure zafin girki, kuma ba a jin ta a baki. In an matse mai, yawancinta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙuli, da yajin tsire, da abincin kaji. In saniya ta ci, wani kaso kan fito a nono.

Batun lafiya shi na fi yi wa taka-tsantsan. Gubar nan hanta take ci. In ta yi yawa lokaci guda tana kisa: a 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, bayan cin masarar da suka noma da hannunsu. In kuma kaɗan-kaɗan ce shekara da shekaru, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta, kuma haɗarin na ninkuwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Binciken da aka yi a Benin da Togo ya nuna yaran da suka fi gubar a jini su ne suka fi tsumburewa, musamman bayan yaye, lokacin da aka koma kunu. Da na faɗi wannan Gwaggo ta sunkuyar da kai. Na yi saurin ƙarawa da na Gini, wanda aka wallafa a 2005: a ƙauyukan da aka koya wa manoma tsinta da hannu, da shanya a tabarma har ta bushe, da buhun algarara, da ɗora buhu a kan katako, alamar gubar a jinin mutane ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba bayan watanni. Ba allura, ba ƙwaya. Daga yau na sa doka ga kowa a rumfa: ba za a ambaci cuta ba sai an bi ta da abin da hannu zai iya yi. Kuma duk wanda ya yi maganar hanta ya tunatar da rigakafin ciwon hanta na B da ake yi wa jariri ranar haihuwa.

Gwaggo ta ce laccar ta yi tsawo, mai tallan fura ba za ta tsaya ba. Na rage ta zuwa minti goma.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Takardun bango sun dawo daga wurin bugu babu ƙugiya ko ɗaya, gyaɗa ta zama gyada, ƙasa ta zama kasa. An sake bugawa. Majigi da janareta mun fasa, rana ta yi yawa ba za a ga komai ba. Lasifika mai batir ta isa.

Samfurin Aflasafe ya iso. Dawa ce da aka kashe ƙwayarta don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi, aka lulluɓe ta da nau'o'i huɗu na fumfunar nan waɗanda ba sa yin guba, dukansu daga ƙasar Najeriya aka samo su. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta haɗa shi da abokan aikinta. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, sai marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Mun ɗura shi a rufaffiyar kwalba, mun rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba na ci ba ne. Buhun PICS, buhun ajiyar hatsi mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, shi ma zai je, tare da gargaɗin cewa busasshen hatsi kaɗai ake ɗura masa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da dare

Muryata ta dushe, amma in ban rubuta yau ba zan manta.

Mun kafa tun hantsi. Yara ne suka fara cika wurin, saboda madubin. Wani yaro ya leƙa ya ja da baya ya ce ya ga daji a kan gyaɗa. Shi ya jawo mahaifiyarsa, ita kuma ta jawo 'yan layinsu. Na yi laccar sau biyar. Manomin nan ya zo da gyaɗarsa ya nuna kifawa, kuma maza sun fi tsayawa wurinsa fiye da wurina, abin da na ji daɗinsa ƙwarai. Gwajin gishiri ya samu karɓuwa, har masu awo biyu suka ce za su riƙa ajiye kwalba a rumfa kafin su sayi masara. Ƙwayar geron nan ta yi aikin da lambobi suka kasa, na ga wani ya ɗauke ta a tafin hannu yana kallonta yana kallon buhun.

Abin da ya fi jan mata shi ne tsinta. Mun zuba tiya ɗaya ta gyaɗarmu a faifai muka ce a tsince. Cikin ɗan lokaci suka raba ta biyu, mu muna kallo. Abokin aikina ya niƙa kowane kashi dabam ya gwada a gabansu. Na tsintar ya nuna guba ƙarara, na mai kyan bai nuna ba. Ya kuma yi musu bayanin da na so ya yi, cewa tsinta na rage gubar ƙwarai amma ido ba ya ganin duka, shi ya sa aikin ke farawa tun daga gona.

Bayan La'asar wata dattijuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta matso gaba. Ta ce, "Malama, na ji. To in na tsince, ina zan kai tsintar? Ni ita nake saye ma, don ita ce kuɗina ke kaiwa."

Wurin ya yi tsit. Amsar da ke takardarmu ita ce a ƙone ko a binne, kada a ba yara, kada a ba dabbar tatsa, kada a ba kaji. Na faɗa mata haka, domin ita ce gaskiya. Amma ina faɗa ina jin nauyinta. Na gaya wa mace ta ƙone jarinta. Duk watanni biyun nan muna koyar da a raba mai kyau da marar kyau, ba mu bi marar kyan mun ga inda take tafiya ba. Tana gangarawa ne zuwa ga wanda ya fi kowa talauci, a farashi mai sauƙi. In mai hali ya ƙara tsinta, abin da ke isa kwanon marar hali ƙara guba yake yi.

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To a matse man a yi sabulu mana, a ƙone tunkuzar." Aka ɗau surutu, wasu na cewa man ba zai biya kuɗin gyaɗar ba, wasu na cewa ya fi asara gaba ɗaya. Na rubuta a bayan takardar laccata. Sarkin kasuwa ya leƙo dab da Magariba, ya ce ba wanda ya kawo masa ƙara, mu dawo.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Mun zauna mun duba abin da aka tambaya. Ɗaliban sun cika shafi tara da tambayoyi, kuma kusan rabi a kan tsinta ne: wa zai saya, me za a yi da ita, ko za a iya ba ragon kiwo. Ba mu taɓa sa wannan a cikin tsarin bincikenmu ba, yanzu ya shiga sahun gaba.

Abokin aikina ya karɓi batun sabulu. Zai matse man tsinta irin matsar gida, ya auna gubar da ta bi man, ya dafa sabulu da shi da toka kamar yadda ake yi, ya sake aunawa. Ba za mu ce wa kowa ta yi ba sai sakamako ya fito. Ɗalibai mata biyun za su zauna da masu ƙuli-ƙuli su yi lissafin tiya nawa ke ba da kwalba nawa, don a san ko dabarar za ta riƙe mai ita. Dattijuwar da ta yi tambayar ta yarda a yi matsar a gidanta, da turminta.

Mata da yawa ba sa fita kasuwa, don haka zagaye na biyu cikin gidaje za a yi shi da makarantun Islamiyya na matan aure, mu uku mata kawai, da faifai da madubi ɗaya da kwalbar gishiri. Malamin gona zai ajiye maganar Aflasafe sai gab da damina, don in an faɗa yanzu za a manta kafin shuka.

Jiya na biya ta gida. Kwanon yana nan gindin rumbu, ya kusa cika. Gwaggo ta ce kunun yara yanzu daga ƙwarya take ɗiba, ta kwanon kuma ba ta zubar ba, tana jira ta ji abin da muka samo a kan sabulun. Na ce mata gwajin farko ranar Litinin ne.